Zancen Ummi da Lissafi

Zariya

Yaya,

    

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. In muna magana a waya kai ke da baki, ni ƙanwa ce, da ka ce "to shi ke nan" sai in ja bakina in yi shiru. Takarda kuwa ba ta jin "to shi ke nan". Ka yi haƙuri ka karanta ta har ƙarshe, ko bayan isha'i in ka huta.

Maganar 'yarka Ummi ce. Ka ce min sakamakon zangon ƙarshe ya fito, ta ci komai sai lissafi, kuma kun yanke shawara kai da mamanta, Maman Abba, a ƙyale ta ta lallaɓa ta gama aji uku, in ta shiga babbar sakandare ta tafi ajin adabi, tunda kan mata bai cika ɗaukar lissafi ba. Malamin lesin kuma zai ci gaba da zuwa wa 'yan'uwanta maza, Abba da Sadiku. Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka, ba ka son ganin ta tana hawaye a kan littafi. Amma Yaya, tun da na fara riƙe alli, 'yan matan da na ga tsanani ya kore su daga lissafi kaɗan ne. Akasarinsu tausayi ne ya raba su da shi. Namiji ya faɗi, a ce lalaci ne, a ɗauko masa malami. Mace ta faɗi, a ce Allah sarki, dama ba nata ba ne. Shi an ba shi aiki, ita an ba ta uzuri. Bayan shekara uku a buɗe sakamako a ce ga shi nan, dama mun faɗa.

Da ta zo hutu wajena na karɓi littattafanta na aikin aji, na bi su shafi-shafi. Ka san yadda kake gane yadin da aka yi wa algus tun kafin ka warware shi, haka mu ma muke gane inda yaro ya ɓace daga irin kuskurensa. Kuskuren Ummi guda ɗaya ne, shi ke ta maimaita kansa. Na rubuta mata rabi a tara da sulusi, wato 1/2 da 1/3. Sai ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta 2/5. Ban ce mata ta faɗi ba. Cewa na yi, Ummi, kina da rabin mudun shinkafa, aka ƙara miki sulusin mudu, yanzu abin da ke hannunki ya fi rabi ko bai kai ba? Ta ce ya fi mana. Na ce to biyu cikin biyar fa, ya kai rabi? Ta yi jim, sai ta fashe da dariya ta ce, "Gwaggo, ai an ƙara min ne kuma ya ragu, ba zai yiwu ba." Yaron da ya iya gane cewa amsa ba za ta yiwu ba, kansa yana ɗaukar lissafi. Abin da ba a taɓa zama an nuna mata ba shi ne sai an mayar da kason biyu ma'auni ɗaya kafin a tara su: rabi uku ne cikin shida, sulusi biyu ne cikin shida, jimla biyar cikin shida. Wannan darasin firamare ne, na aji huɗu zuwa biyar. Duk tambayar aljabarar da babu irin wannan kason a cikinta, daidai take yin ta. Duk wadda yake ciki kuwa, nan take faɗuwa. Ramin ke nan, kuma bai fi aikin wata biyu ba in an dage.

Abin da ya bambanta lissafi da sauran darussa shi ne ba ya yafe bashi. In yaro bai zo ranar da aka yi labarin Bayajida ba, mako mai zuwa zai iya bin tarihin jihadi ba tare da wata matsala ba. A lissafi, abin da ba ka biya a aji biyar ba yana nan yana jiran ka a sakandare, kuma ya hayayyafa.

To a ina Ummi ta ci wannan bashin? Ka dubi jadawalin darussansu. Yawancin makarantunmu da safe suke sa lissafi, a darasi na farko ko na biyu, wai lokacin kai yana sanyi. Ka kuma dubi safiyar gidanka. Abba ya tashi, ya yi salla, ya yi wanka, ya sha shayi, ya saɓa jaka. Ummi sai ta yi shara, ta wanke kwanukan daren jiya, ta yi wa ƙanwarta Walida wanka, ta kai ta makarantarsu, sannan ta wuce tata. Ita da bakinta ta ce min sau da yawa tana shiga aji malam ya riga ya gama misali ya goge allo, sai ta ari littafin ƙawarta ta kwafe. Kwafe kuwa ba fahimta ba ne. Da yamma Islamiyya har kusan magariba, daga nan madafa. Ka haɗa da 'yan kwanakin da 'ya mace kan yi fashi kowane wata in ta fara girma, musamman inda bayin makaranta ba na shiga ba ne, ka san abin da nake nufi. Ban ce kada ta yi aikin gida ba, mu ma da shi muka tashi. Cewa nake a gida ɗaya, a makaranta ɗaya, yaran nan biyu ba adadin darasi ɗaya suke samu ba, sannan mu zo mu auna su da ma'auni ɗaya mu ce halitta ce.

Akwai kuma Turanci. Tambayoyin da ake bayarwa cikin zance, irin na wane ya sayi kaza ya sayar a kaza, yara da yawa Turancin ne ke kayar da su. Na karanta wa Ummi guda cikin irinsu da Hausa, kafin in rufe baki ta ba ni ribar da kai, ba ta taɓa biro ba. 'Yar Kantin Kwari ce fa.

Yanzu wata magana da nake so ka isar da dabara, kada Maman Abba ta ce na kai ƙararta. Na sha jin ta tana ce wa Ummi, "Ni kika gado, ni ma ban taɓa iya lissafi ba." Rarrashi take yi, amma yarinya ji take an ba ta izini ta ajiye. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago, ƙarƙashin Sian Beilock, sun bi malamai mata na aji ɗaya da biyu na firamare da ɗalibansu har shekara guda. A farkon shekara babu wata alaƙa tsakanin tsoron lissafin da malama ke ji da makin yaranta. Zuwa ƙarshen shekara, 'yan matan da malamarsu ke tsoron lissafi sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, karatu na mata, kuma waɗanda suka yarda da hakan makinsu ya yi ƙasa. Yara maza abin bai taɓa su ba. In na malama ya yi wannan tasirin, ina ga na uwa? Abin dariyar shi ne matar da ke cewa ba ta iya lissafi ba ita ce uwar adashin unguwarku, ta san wa ya zuba, wa ya yi fashi, kwasar wa ce ta gaba. Ita ke ba da atamfa bashi a biya sau uku, ba a taɓa cin ta ko naira ɗaya ba. Ka tuna Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa zama a benci ba, amma ta dubi tiyar gyaɗa ta faɗa maka kwalaben man da za su fito, da ƙuli-ƙulin, da abin da zai rage bayan an cire kuɗin niƙa da na itace. Sunanta Ummi ta ci. Kai da kanka ka sha cewa a wajenta ka koyi ciniki.

Da a ce a halitta abin yake, da ko'ina a duniya maza ne za su riƙa wucewa. Akwai wata jarrabawa ta ƙasa da ƙasa, TIMSS, da ake yi duk shekara huɗu. A ta 2019, a aji takwas, daidai da ajin da Ummi ta gama ke nan, 'yan mata sun fi samari maki a lissafi a Oman da Bahrain da Jodan da Saudiyya. Ƙasashen Musulmi, 'yan mata cikin hijabi. A wasu ƙasashen maza ne a gaba, a da yawa kuma babu wani bambancin a zo a gani. Abin da ke sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba ƙwaƙwalwa ba ce, yadda aka ɗauki yarinya ne a gida da makaranta.

Bari in zo ta inda ka fi ni sani. Ka karanta babin gado a Risala a zauren Malam. Kason da Suratun Nisa'i ta ƙayyade guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Mafi yawan masu waɗannan kason mata ne, 'ya da uwa da matar aure da 'yar'uwa. Ka tuna mas'alar da malamai ke cewa a zamanin Sayyadina Umar aka fara cin karo da ita: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu. A mayar da su asali ɗaya, shida: miji uku, su huɗu, jimla bakwai, alhali dukiyar shida ce. Sai aka yi auli, aka raba ta bakwai, miji ya ɗauki uku, su huɗu, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado. Wannan mayarwa zuwa asali ɗaya, shi ne ainihin abin da ya kayar da Ummi. Littafin da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda ake ɗauka tushen aljabara, babban kasonsa a kan wasiyya da rabon gado yake. A wannan birnin aka yi wata malama, Sutaita al-Mahamili, wadda ta rasu a 987. Malaman tarihi sun yabe ta da sanin fiƙihu da fara'il da hisabi, har ana zuwa a tambaye ta. Mahaifinta alƙali ne, kuma yana cikin waɗanda suka karantar da ita. Ni dai na halarci rabon gadon da aka karanta wa mata kasonsu suka ce "to, mun gode", suka sa hannu, babu wadda ta iya bin lissafin balle ta duba. Ban ce an cuce su ba. Cewa nake da an cuce su ma ba za su sani ba.

Akwai wadda nake so ka ji labarinta saboda yayanta. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ce, an haife ta a Tehran a 1977. Tana yarinya burinta ta zama marubuciya, littattafan labari take bi. Shekararta ta farko a makarantar gaba da firamare ba ta yi abin kirki a lissafi ba, malamarta ba ta ga wata baiwa tare da ita ba, ita ma ta sare. Shekara mai zuwa aka sauya malama, aka samu mai ƙarfafa mata gwiwa. A gida kuma yayanta namiji ne yake dawowa daga makaranta ya ba ta labarin abin da ya koyo. Wata rana ya faɗa mata yadda ake tara lambobi daga 1 zuwa 100 ba tare da an bi su ɗaya-ɗaya ba: ka haɗa 1 da 100, ka haɗa 2 da 99, ka haɗa 3 da 98, kowanne 101 ne, kuma irinsu hamsin ne, jimla 5050. Ta ce lokacin ne ta fara jin daɗin amsa mai kyau. Daga baya ita da ƙawarta suka je wajen shugabar makarantarsu ta 'yan mata suka nemi a riƙa yi musu darasin warware tambayoyin gasa irin wanda ake yi wa maza, shugabar ta tsaya musu. A 1994 ta ci zinare a gasar lissafi ta duniya ta ɗaliban sakandare, a 1995 ta sake ci, wannan karon ba ta rasa ko maki ɗaya ba. A 2014 ta zama mace ta farko da aka ba lambar Fields, wadda take cikin mafi girma a fannin. Ta rasu a 2017 tana da shekara 40. Da an yanke mata hukunci da sakamakon waccan shekara ta farko, da an ce kanta bai ɗauka ba. A nan gida ma, Grace Alele-Williams ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ta samu digirin digirgir a Chicago a 1963, a 1985 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, Jami'ar Benin.

Ba cewa nake Ummi za ta zama ɗaya daga cikinsu ba, wannan na Allah ne. Abin da na gani da idona dai shi ne tana jin daɗin abin in an ba ta shi a matsayin wasa ƙwaƙwalwa, babu bulala babu maki. Na zana mata gida tara, uku-uku, na ce ta zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ban faɗa mata jimlar ba. Ita ta tara duka ta samu 45, ta raba uku ta ce lallai 15 ce, daga nan ta yi ta fama har ta gane dole 5 ta zauna a tsakiya. Tuwonta ya huce a gefe ba ta sani ba. Da ta gama na gaya mata wannan shi ne hatimi, bar batun abin da masu tsibbu ke yi da shi, gininsa lissafi ne tsantsa. Na kuma gaya mata wani malamin Katsina, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan masu gida mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Washegari na tarar da ita tana kokawa da na biyar-biyar a bayan kalanda. Wannan ce yarinyar da ake cewa ba ta son lissafi.

Ajin adabi ba abin raini ba ne. In ta gama aji uku da lissafinta a hannu ta ce ita lauya take so ko aikin jarida, ni zan fara yi mata rakiya. Abin da ba na so shi ne ta shiga can a guje. Wanda ya zaɓa daban, wanda aka rufe wa ƙofa daban. Kuma ka tuna faɗan da ka yi ranar haihuwar Walida da aka ce likitan da ke aiki namiji ne. Ka ce ina matanmu suke? Suna aji biyu na ƙaramar sakandare, Yaya, ana ce musu su ƙyale lissafi. Babu likitanci, babu aikin jinya, babu unguwarzoma, babu haɗa magunguna sai da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, kuma fiziks da kemistiri ba sa tafiya sai da shi. Aikin ma kansa lissafi ne. Yaro mai kilo 12 za a ba shi farasitamol, miligiram 15 a kowane kilo, 180 ke nan. Kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mililita 5. Nawa za a zuba? Mililita bakwai da rabi. Ma'aikaciyar jinyar da ta tara na sama da na sama a nan, ba maki za ta rasa ba. Don irin wannan gibin ne Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na maza, ta 'yan mata ta biyo baya a Taura, wadda yanzu take Jigawa. Jarrabawar shiga makarantun kimiyya a aji uku ake yin ta, wato shekarar nan da Ummi za ta shiga. Shi ya sa ban bari sai mun haɗu ba.

Na san abin da za ka ce, ai ƙarshenta aure za ta yi. Allah Ya kawo na gari. Ni ma na yi, bai goge min jadawalin sau daga kai ba. Abba ma aure zai yi, ban ji ka ce a sallami malaminsa ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Malamin da ke zuwa, a sa Ummi a ciki, amma ka gaya masa kada ya bi littafin aji uku tukuna, ya koma da ita kason rabi da kwata da sulusi na firamare har sai sun zauna. Kada kuma ya haɗa ta zama ɗaya da Abba, don shi da an yi tambaya yake cafke amsa, ita kuma ta yi shiru ta bar masa. Ta samu rabin awarta ita kaɗai, ya bar ta ta yi kuskure ta gano da kanta, in ta buƙaci bayani da Hausa ya yi mata da Hausa. Aikin safe a raba shi. Sadiku ya isa kai Walida makaranta, kwanuka kuma a wanke su da daddare, ba wanda zai mutu. Bayan isha'i a bar mata ko minti arba'in da babu mai aiken ta.

Na ƙarshen naka ne, ba mai iya yi maka. In ka dawo da littafin shago, maimakon ka danna kalkuleta, ka kira ta. Ka ce, Ummi, bandir goma sha biyu a kaza-kaza, an rage min kashi biyar cikin ɗari, nawa zan biya? In ta yi kuskure kada ka yi dariya, kada kuma ka ce ba komai. Ka ce ta sake dubawa. In ta yi daidai, ka faɗa a gaban 'yan'uwanta, ka kuma yi aiki da amsarta ba tare da ka sake gwadawa a gabanta ba. Ni gwaggo ce, yabona ta saba da shi. Naka ne ba ta taɓa ji ba a kan wannan darasin.

Zan shigo Kano bikin gidan Kawu in Allah Ya kai mu. Zan taho mata da littattafan aji biyar da shida, da tambayoyin jarrabawar makarantun kimiyya na shekarun baya, kuma ina so in ga malamin lesin ɗin mu yi magana kafin in koma. Ka sa a tambayo ranar da za a fara sayar da fom, kada ya wuce mu.

Ka gaishe min da Maman Abba da kyau, da Abba da Sadiku da Walida. Ka ce wa Ummi ina jiran hatimin biyar-biyar, kuma kada ta nemi taimakon kowa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Hadiza